Zare a kan zare: birkin da ke ɓoye a cikin rikoda

1/
Jama'a, yau zare zan yi muku a kan zare. Ba na ɗinki ba, zaren kaset. Akwai wani ɗan abu a cikin rikoda da ko waɗanda suka shekara ashirin suna sauraronta ba su san da zamansa ba: birki. Eh, rikoda tana da birki. In akwai tsohon kaset a gidanku mai ɗauke da muryar wanda ya riga mu gidan gaskiya, ku daure ku bi ni har ƙarshe.

2/
Waɗanda aka haifa bayan 2005, ku matso kusa in fara muku daga tushe. Zaren kaset wata siririyar leda ce doguwa, an shafe gefenta ɗaya da garin ƙarfe mai kama maganaɗisu. A jikin garin nan murya take zama. Zaren yana barin faifai ɗaya, ya goga jikin hed, ya naɗu a faifai na biyu. Hed shi ne ke rubutawa, shi ne kuma ke karantawa. Shi ke nan asalin abin.

3/
Tarihi a gurguje. Kamfanin AEG na Jamus ne ya nuna Magnetophon a birnin Balin a 1935. Bayan yaƙin duniya na biyu fasahar ta tsallaka Amurka, Ampex ya fitar da nasa injin a 1948. Duk waɗannan masu manyan faifai biyu ne a fili. Ƙaramin kaset ɗin da muka sani sai a 1963 Philips ya fito da shi, a ƙarƙashin wani injiniya ɗan ƙasar Holan, Lou Ottens, wanda ya rasu a 2021.

4/
Kun ga ke nan lokacin da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, ƙaramin kaset bai ma zo duniya ba. Gidajen rediyo na wancan zamani a kan manyan faifan zare suke naɗar shirye-shiryensu. Daga baya ne kaset ya cika ƙasa: waƙoƙin su Shata da Ɗan Maraya, karatu, wa'azi, kiɗan biki, har da saƙon baki da matafiya kan naɗo su aiko gida.

5/
Ni a shagon ƙanin mahaifina na san cikin waɗannan injuna. Mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwa. In an taso daga makaranta can nake wucewa, aikina shara, miƙo sukundireba, da tsince nocinan da suka faɗi ƙasa. Yawanci rediyo mai kaset ake kawowa, amma jefi-jefi wani tsohon ma'aikaci kan shigo da babban inji mai faifai biyu, mutum biyu na kama masa.

6/
Abin da ya fara ba ni mamaki: duk injin da aka kawo, Baffa ba ya danna PLAY da farko. Sai ya zare filogi, ya sa yatsa ya juya faifan hagu gaba da baya, ya juya na dama gaba da baya, yana sauraron abin da yatsansa ke gaya masa. Na ce, "Baffa, ai ba wuta a jiki." Ya ce, "Kai yaro, motar da ba ka taɓa birkinta ba za ka ɗora wa fasinja?"

7/
To me ya sa abin da ke tafiya a hankali haka zai buƙaci birki? Ai kaset santimita 4.76 kawai yake ci a sakan ɗaya. Manyan injuna kuwa 9.5, ko 19, ko 38 a situdiyo. Ko wahainiya ba za ta ji kunyar wannan gudun ba. Matsalar ba a lokacin sauraro take tasowa ba. Sai an danna maɓallin mayarwa baya ko na turawa gaba.

8/
Ku ɗauki babban faifai mai faɗin inci goma da rabi. Yana ɗaukar zare har mita 1,100, wato ya ɗara kilomita ɗaya. Injin kirki yana naɗe shi kaf cikin minti biyu da 'yan kai. Ku yi lissafi: kusan mita 8 a kowane sakan, wajen kilomita 30 a awa. Gudun Keke Napep a cikin gari ke nan. Kuma faifan in ya cika ya haura rabin kilo.

9/
Shi kuma zaren da ke tsakanin waɗannan faifai biyu masu wulwulawa, faɗinsa milimita 6.35 ne, kaurinsa bai kai na gashin kai ba. Na ƙaramin kaset ya fi haka laushi: faɗi milimita 3.81, kuma C90 ya fi C60 sirantaka, C120 ya fi su duka. Yanzu ka danna STOP. Nauyi biyu na gudu, siririyar leda ta haɗa su, kana so su tsaya tare. Wa zai fara tsayawa?

10/
Duk wanda ya taɓa ganin ana jan lalatacciyar mota da igiya ya san amsar. In direban gaba ya taka birki na baya bai taka ba, igiya ta saki, ta baya ta zo ta daki ta gaba. In na baya ya danne birki da ƙarfi farat ɗaya, igiya ta tsinke. Abin da ke kai su gareji lafiya shi ne na baya ya riƙa riƙewa fiye da na gaba, amma da lissafi, igiya ta zauna a ɗame.

11/
Haka zancen yake a rikoda. Faifan da ke sakin zare shi ne motar baya, mai naɗewa shi ne ta gaba. In mai naɗewa ya riga tsayawa, ɗayan zai ci gaba da amayo zare, ya zubo ƙasa kamar taliya, ya sarƙe a ƙarƙashin faifai. In mai saki ya kame da ƙarfin tsiya, mai naɗewa ya fizgi zaren. Don haka doka ɗaya ce: birkin mai saki ya fi na mai naɗewa ƙarfi, kodayaushe.

12/
Ga inda abin ya yi daɗi. In kana turawa gaba, faifan hagu ne mai saki. In kana mayarwa baya, na dama ne mai saki. Wato wanda ya kamata ya fi riƙewa yana canzawa gwargwadon inda zaren ya nufa. A yau da an ce a sa sensa da 'yar kwamfuta. Mutanen da ba su da ko ɗaya. Da ɗamara da sifirin suka kashe maganar.

13/
Bari in siffanta muku. A ƙarƙashin kowane faifai akwai wata 'yar ganga da ke juyawa tare da shi. An zagaye gangar da siririyar ɗamarar ƙarfe, tsakaninsu akwai shafi na ƙyalle ko matsattsen ulu don a sami kamu. Bakin ɗamarar ɗaya an kafe shi a jikin inji, ba ya motsi. Ɗaya bakin kuwa sifirin ne ke jan sa. Irin wannan ne a cikin Revox A77, injin da ya fito a 1967.

14/
In gangar ta juya ta ɓangaren da take jan ɗamarar nesa da inda aka kafe ta, gogayyar da kanta ke ƙara shaƙe ɗamarar a wuyan ganga, birki ya yi ƙarfi. In ta juya ta ɗaya ɓangaren, sai ta riƙa tura ɗamarar wajen inda aka kafe ta, ta ɗan sassauta, birki ya yi laushi. Ɗamara ɗaya, sifirin ɗaya, amma ƙarfi iri biyu, ya danganta da inda aka juya.

15/
Sai aka ɗaura ta hagu da ta dama suna kallon juna, kamar tafin hannun dama da na hagu. Shi ke nan. Ko ina zaren ya dosa, faifan da ke saki zai tarar da kansa a ɓangaren da ɗamara ke shaƙewa, mai naɗewa kuma a ɓangaren da take sassautawa. A injuna da yawa bambancin yakan kai kusan ninki biyu. Abin da yatsan Baffa ke nema ke nan: ta nan da tauri, ta can da sauƙi.

16/
In kuna ganin abin kamar siddabaru, ku tuna ranar jajiberin Babbar Sallah. Sa ya yi gardama, ƙarti uku sun kasa riƙe shi. Wani dattijo ya zo ya naɗa igiyar sau biyu a jikin bishiya, ya miƙa wa yaro bakin. Sa ya ja, ya ja, ya haƙura. Kowane zagaye ninka riƙon yake yi, ba ƙari kawai ba. Masanin lissafi Euler ya rubuta ƙa'idar wannan tun ƙarni na 18.

17/
Ga misali don masu son lamba. A ce zagaye ɗaya yana ninka riƙonka sau 6. To zagaye biyu 36 ne, uku 216. Shi ya sa masu ƙera rikoda suke auna iya inda ɗamara za ta zagaye ganga. In ta zagaya da yawa sai ta cafke faifan farat ɗaya, ta yi wa zare illa. In ta gaza, ba ta riƙe komai. Tsawon zagayen nan ba ado ba ne, lissafi ne.

18/
Wani abin kuma da nake so ku lura da shi: a manyan injuna sifirin ne ke kama birki, wuta ce ke sakin sa. Akwai wani maganaɗisun lantarki da ke janye ɗamarar in inji na aiki. Da zarar wuta ta yanke, maganaɗisu ya saki, sifirin ya mayar da ɗamara, faifai biyu su tsaya cikin tsari. Ku yi tunanin da akasin haka aka yi, a ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama.

19/
Na taɓa gani da idona. Ana tsakiyar mayar da wani cikakken faifai baya, inji na kuka kamar fanka, sai ɗif, aka ɗauke. Shago ya yi duhu, na ji "ƙwas", sai shiru. Da Baffa ya haska tocila, zaren na nan a miƙe tsakanin faifan biyu, ko lanƙwasa babu. Mai injin ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Malam, hirar mahaifina ce a kai, kuma babu wata."

20/
Wannan dabara ba a rikoda kaɗai take ba. George Westinghouse ya yi wa jiragen ƙasa birkin iska a 1872 wanda in bututu ya fashe shi da kansa yake kamawa. Tirela ma in iskar tankinta ta zube, sifirin ne ke danne tayoyin baya, shi ya sa sai direba ya jira iska ta taru kafin ya motsa. Tunanin ɗaya ne: in abu ya lalace, ya lalace a tsaye.

21/
Tsofaffin ma'aikatan situdiyo suna da wata dabara da ke rage wa birkin wahala. In zare na gudu baya, ba sa danna STOP kai tsaye. Sai su fara danna na gaba, moto ya yi ja-in-ja da faifan har gudun ya mutu, sannan su tsayar. Injunan da suka zo daga baya sun koyi yin haka da kansu ta hanyar lantarki, suka bar wa ɗamara aikin ƙarshe da kuma ranar da wuta ta yanke.

22/
To wannan birkin tsayawa ke nan. Akwai na biyu, wanda ke aiki kana cikin sauraro. A lokacin PLAY ba faifai ne ke ƙayyade gudu ba. Wani ɗan siririn ƙarfe ne mai juyawa, da tayar roba da ke matse zaren a jikinsa, su ke jan sa daidai wa daida. Amma dole faifan baya ya ɗan riƙe, don zaren ya kwanta sosai a fuskar hed. In bai kwanta ba, murya ta dushe.

23/
Sai dai akwai tarko. Cikakken faifai yana da faɗi, zaren na jan sa daga nesa da tsakiya, juya shi ba wuya. In ya kusa ƙarewa, daga kusa da tsakiya ake ja, kamar ka tura ƙofa ta wajen hinjinta. Birki bai canza ba, amma jan da zaren ke sha ya ninka sau biyu ko uku. Shi ya sa a injin da ba shi da kyau, ƙarshen faifai ne ke fara jin jiki.

24/
Maganin da aka samo: ɗan hannu mai lilo wanda zaren ke bi ta jikinsa, an haɗa gindinsa da ɗamarar birki. In zaren ya ɗame da yawa, sai ya ja hannun, hannun ya sassauta ɗamara. In zaren ya yi sako-sako, sifirin ya mayar da hannun, ɗamara ta ƙara kamawa. Zaren da kansa ke gaya wa birki yadda yake ji, birki na amsawa, babu waya ko ɗaya a tsakani.

25/
Kuma kun zauna da wannan a falonku ba ku sani ba. Injin bidiyo na VHS, wanda JVC ya fitar a 1976, wanda muka kalli finafinan Hausa na shekarun 1990 a kansa, yana da wannan hannu da 'yar ɗamara mai ulu a gindin faifan hagu. In ulun ya ɓare ko ya cinye, jan zaren ya rikice, sai ka ga saman hoto na karkacewa. Mu kuma mu yi ta bugun talabijin, baiwar Allah ba ruwanta.

26/
Mu dawo kan rediyo mai kaset ta gidan kowa. Ita moto ɗaya gare ta, sai bel da 'yan tayoyi. Manyan maɓallan nan masu tauri, ƙarfin yatsanka ne ke tura ƙarafan ciki, ya ɗage birki, ya matso da hed. In ka danna STOP sifirin ya dawo da komai, wasu 'yan robobi su dafe kwarkwaron biyu. Ƙarar "ƙwas" ɗin nan da kuke tunawa, har da birki a cikinta.

27/
Birkin yana da ɗan uwa a ƙarƙashin kwarkwaron da ke naɗewa: kuloci mai zamewa. Tunda zaren na zuwa da gudu iri ɗaya, amma naɗin na ƙara faɗi, dole kwarkwaron ya riƙa rage juyawa. Sai aka sa ɗan faifan ulu a tsakani, moto na tura shi, shi kuma yana zamewa daidai buƙata. Zamewar da gangan ce. In ta yi yawa ko ta yi kaɗan, an shiga uku.

28/
A nan "rediyo ta ci kaset" ke samo asali. Bel ya saki, ko tayar ta yi santsi, ko ulun ya mutu, kwarkwaro ya daina naɗewa. Amma ƙarfen nan da tayar roba ba su sani ba, suna ta turo zare, ba mai karɓa. Sai ya taru ya nannaɗe a jikinsu. In kuma birki ne ya mutu, bayan ka mayar baya sai ya bar zare a sake, kana danna PLAY ya cafke shi a lanƙwashe.

29/
Wata rana wata dattijuwa ta zo shago da kaset a ƙulle cikin gefen mayafi, zaren ya fito ya cukurkuɗe. Saƙon mijinta ne, ya naɗo daga Kumasi lokacin yana fataucin goro, ya kuma daɗe da rasuwa. Jikanta ne ya samo wata rediyo a ɗakin ajiya ya ce bari su ji. Ta ce, "Malam, ko rabi ne a ceto min." Baffa ya ce, "Hajiya, zauna, za mu gwada."

30/
Ya kwance kaset ɗin, ya warware abin da zai warwaru, ya lallaɓa wanda ya yamutse da bayan farce. Amma akwai wajen kamu ɗaya da ya miƙe ya zama kamar tsinken tsintsiya. Wannan ba ya gyaruwa. Ya yanke, ya haɗa bakin biyu. Kamu ɗaya a gudun kaset kusan sakan 10 ne. Kuma tunda gefen A da gefen B a jikin zare ɗaya suke, ta yi asara ta fuska biyu.

31/
Da aka sa mata a injin shago, muryar ta fito. Yana lissafo mutanen gida ɗaya bayan ɗaya yana gaishe su, sai maganar ta yi tsalle, ya koma zancen kuɗin da ya aiko. Ta ce, "A nan ne ya ambaci 'yata ta fari." Ba ta yi kuka ba. Ta ce a mayar a sake sa mata. Sau uku tana ji. Sakan goma, jama'a. Bel ɗin da ya jawo haka bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba.

32/
Abin lura a nan: tsinkewa ta fi miƙewa sauƙi. Tsofaffin zarurrukan manyan faifai na asitet in an fizge su tsinkewa suke yi tsaf, a haɗa, ba a rasa komai sosai ba. Na foliyesta, wanda shi ne a cikin kowane kaset, ba ya saurin tsinkewa, sai ya miƙe tukuna. Wurin da ya miƙe kuwa muryar ta tafi har abada. Birki mai tsanani da mataccen birki, duk ɓarna suke yi.

33/
Kuma yanayinmu ba ya raga wa waɗannan kaya. Zafi na sa roba ta bushe ta tsage, wani bel ɗin ma narkewa yake ya zama kamar kwalta. Ƙurar hunturu na shiga ulu. Damina na kawo tsatsa a ɗamara da fumfuna a zare. Rediyon da ta shekara 20 a kan sif tana iya kamawa, fitila ta yi ja, tasha ta fito rangaɗau, alhali ɓangaren kaset ɗinta ya zama tarko.

34/
Mai gyara na gaske ba da ka yake saita birki ba. Littafin injin yana faɗin adadin da ake so. Ana ɗora faifai marar zare, a naɗa igiya a cibiyarsa, a maƙala ɗan sikeli mai ƙugiya, a ja a hankali a karanta. A juya igiyar a sake ja ta ɗaya ɓangaren. Hagu da dama, awo huɗu ke nan. In lambobin ba su yi ba, a goge ganga da ɗamara, sannan a taɓa sifirin.

35/
Kuma don Allah kar a ɗiga wa birki ko kuloci mai. Na sha ganin injin da aka kawo bayan wani mai taimako ya ji ƙara ya tsiyaya masa man keke ko'ina. Baffa ko da yatsa ba ya taɓa cikin ɗamara, wai maiƙon hannu ma ya isa ya canza kamunta. Sifirit da tsumma mai tsabta, shi ke nan. Abin da aka yi don ya kama, in ka sa masa santsi ka kashe shi.

36/
Me ya sa nake wannan dogon surutu yanzu? Saboda lokaci na ƙurewa. A 2019 UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya, IASA, sun yi gargaɗi cewa injunan karanta zare da kayan gyaransu na ƙarewa. Zaren kansa sau da yawa yana nan da ransa. Injin da zai taɓa shi ba tare da ya ji masa ciwo ba, da mutumin da ya san gyaran injin, su ne ke ɓacewa.

37/
Ku duba unguwarku. Shagon mai gyaran rediyo nawa ya rage? Yawancinsu sun koma gyaran waya, wasu sun tsufa, wasu sun rasu da iliminsu. Yaran da suka gaje su sun iya canza sikirin cikin minti goma, Allah ya yi musu albarka, amma ba wanda ya nuna musu yadda ake jin birki da yatsa. Ba laifinsu ba ne, ba a kawo musu aikin.

38/
To in kun sami kaset mai daraja a gida, ga abin yi.
Na ɗaya: kar ya zama shi ne zakaran gwajin dafi. A nemo wani kaset da ba a damu da shi ba, a sa shi ya yi daga farko har ƙarshe, a tura gaba, a mayar baya, a tsayar sau da yawa. Bayan kowace tsayawa a ciro a duba ko zaren ya saki.

39/
Na biyu: ka leƙa ta tagar rikodar lokacin PLAY. In kwarkwaron da ke naɗewa yana tsayawa yana tashi, ko ya tsaya cak alhali sauti na fita, danna STOP nan take, zare na taruwa a ciki.
Na uku: kafin ka sa kaset, zura biro mai kusurwa shida a ramin, ka juya har zaren ya ɗame. Iyayenmu ba wasa suke yi da biron nan ba.

40/
Na huɗu: tsohon zare ba ya son gudu. In za ka iya, mayar da shi da biro a hankali. In ka ji yana ƙara kamar kukan ɓera, ko ka ga farin fumfuna a jikinsa, dakata, nemi wanda ya sani.
Na biyar: jin farko shi ne na ɗauka. Haɗa da kwamfuta, in babu ko waya ce ajiye kusa da sifika. Ba ka da tabbacin za a sami ji na biyu.

41/
Na shida: bayan ka ɗauka, tura wa 'yan uwa uku, kar ya zauna a waya ɗaya. Kaset ɗin kuma kar a yar. A sa shi a gidansa, a jingine shi a tsaye, nesa da rana, nesa da danshi, nesa da bayan sifika saboda maganaɗisu. A rubuta a jiki: muryar wane, wace shekara, a ina. Wanda ya san amsar yau, ba lallai yana nan baɗi ba.

42/
In kuma manyan faifai ne kuka gada, na kaka da ya yi aikin rediyo ko koyarwa, kar ku ɗora su a kan kowane inji sai an duba birkinsa. Ku zare filogi, ku juya kowane faifai gaba da baya da yatsa. Na hagu ya fi tauri in yana juyawa ta inda zai saki zare, na dama ma haka. In kun ji sun yi daidai, ko ɗaya na wulwulawa ba riƙo, ku ajiye, ba ranar ba ce.

43/
Iyakar abin da na sani ke nan. Yanzu ku faɗa min a ƙasa: wane kaset ne ke kwance a gidanku, muryar wa ke ciki? In kuma kun san dattijon da har yanzu yake gyaran rikoda a garinku, ku faɗi garin kawai, masu buƙata su neme ku ta akwati. A tura wa babban yaya ko babbar yaya, su ne yawanci makullin tsohuwar akwatin ke hannunsu.